Tiyar Ƙofar Baya

Shekara goma sha tara ina riƙe da muciya
a gidan abincin Alhaji Sahabi, bayan tashar Damagaram.
Gishiri da tafin hannu nake auna shi,
shinkafa kuwa hanci ke gaya mini ta nuna.

Sai ga ɗansa Tanimun ya dawo daga Yamai
da wani allon gilashi, ya kafa shi kusa da firiji.
Ya ce, Iya Barira, ga abokiyar aiki,
ƙirƙirarriyar basira ake ce mata.
Na ce, to madalla, ta iya yanka albasa?
Yaran wanke-wanke suka bushe da dariya. Shi bai yi ba.

Ba ta da hannu, amma ta iya ƙirga.
Ta haɗiye littattafan cinikinmu na shekara uku,
har da shafin da manja ya ɓata.
Ran Lahadi da dare ta ce:
gobe kasuwa, wake tiya tara ya isa,
motocin Jibiya za su iso kafin azahar.
Na dafa goma sha biyu don in nuna mata iyakarta.
Uku suka kwana a roba, suka wayi gari da tsami.
Na zubar, ban ce wa kowa uffan ba.

Ita ta tashi Tanimun da ƙarfe biyun dare
ran da aka ɗauke wuta, inji ya ƙi tashi,
naman jar akuya na jika sittin yana gumi a firiji.
Ita ta gano ranar da tumatirin Jiratawa ke faɗuwa,
ta gano man gyaɗa yana zurarewa ta wata kafa.
Kafar tana da suna da hula. Ya bar aiki.

Na sallama.
Gaskiya ko daga jikin bango ta fito, gaskiya ce.

Amma wata safiya ta rubuta da ja:
kullum tiya ɗaya ta shinkafa tana tafiya a banza, a rage.

A banza.
Ba ta san Jimrau mai tura baro ba,
ba ta san Ɗanladi mai gadin shagunan taya ba,
balle tsohuwar nan mai tallan tsintsiya
wadda bakinta bai taɓa roƙo ba,
sai dai ta ce ta biyo gaisuwa
daidai lokacin da ake kankare tukunya.
Allon yana ganin abin da ya faɗa akwatin kuɗi.
Ƙofar baya ba ta da rasit.

Aka rage.
Kwana huɗu tukunya tana ƙarewa ƙaf, kamar an lashe.
Tsohuwa ta zo gaisuwa,
ta gaisa,
ta koma da gaisuwarta.

Ran na biyar na tsaya gaban allon, hannuna duk tattasai.
Na ce, ke, kina jin Hausa?
Ta ce tana ji.
Na ce, tiyar nan ba ɓata take ba, tana da masu ita.
Ta ce, da wane suna zan rubuta ta?
Na yi tsuru.
Shekara goma sha tara ba wanda ya taɓa tambayata.
Na ce, sa ƙanzo.

Ƙarshen wata Alhaji ya zo duba lissafi.
Ya kai kan layin, ya gyara tabarau,
ya dube ni ta samansa,
ya wuce zuwa kuɗin gas.

Yanzu kowace asuba kafin in hura wuta
jerin yana jirana:
shinkafa kaza, wake kaza, zogale, yaji,
ƙanzo, tiya ɗaya.

Makon jiya aka kwana ana ruwa,
Gulbi ya cika har yana lasar gonaki,
ba mota, ba dako, ba mai sayen tsintsiya.
Ta rage mana komai da rabi,
sai layin ƙarshe ta bar shi da tambaya:
Iya, yau ɗaya za ta isa?

Na ce ƙara rabi.
Na ɗebo gishiri a tafin hannu,
wannan dai har yanzu ba ta sa baki.